Curin Magaryar da Baba Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sada. In faɗi gaskiya, duk shekara idan aka taru addu'a a gidanmu na Kusada, da ciwo biyu nake zama: na rashinshi, da na ganin Dakta Lawal.

Baba malamin kimiyya ne a jami'a, amma ko dangi ba su taɓa gane aikinshi ba. Ƙwayoyin zarra na zinariya yake bi, waɗanda ido ba ya gani. Idan 'yan kaɗan suka haɗu suka yi curi, wace siffa suke ɗauka? Sai ya sa kwamfuta ta lissafo siffofi iri-iri, ya gwada su da awon da abokan aikinshi na ƙasashen waje suke aiko mishi, ya ga wadda ta dace. Kawunanmu na Dudunni suna ce mishi mai zinariyar da ba ta zuwa kasuwa, shi ma ya taya su dariya.

Ina ƙarama, in ya zo hutu, ni ce mai tsinto mishi magarya. Mu zauna a zaure, ya soke su da tsinken tsintsiya, ɗaya a tsakiya, sauran su kewaye ta. Ya ce, "Binta, ga zinariya." Curi guda ya rage, ya bushe ƙayau, yana cikin kabad ɗina a Kankiya. An raba gado na samu gona a Fakuwa, amma curin nake nuna wa 'ya'yana in ce ga aikin kakanku.

Lawal ɗalibinshi ne, ɗan Sukuntuni. Ya shiga hannun Baba lokacin da ni na tafi makarantar ungozoma. Bai taɓa yi mini laifi ba, abin haushin ke nan. Ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, sannan ya fara "Malam ya ce, Malam ya ce." Labarai yake da su waɗanda ni ɗiyar cikinshi ban taɓa ji ba. Har hula yake turawa ƙeya kamar Baba. Wallahi kishinshi nake, ba zan ɓoye ba.

Bana wurin addu'a sai na ɗauko curin nan na kai mishi, don ya san ni ma da rabona. Ya karɓa da hannu biyu, idonshi ya kawo ruwa.

Ya ce, "Hajiya, ai wannan siffar ta da ce. Malam ya daɗe da barinta. Daga baya an gano in ƙwayoyin ba su da yawa, kwanciya suke a shimfiɗe kamar faifai. Ranar da lissafinshi ya dace da awon, har tsire ya saya mana."

Na ce, "Allah sarki." Alhali a waɗancan shekarun kullum muna waya da Baba. Ya tambayi yara, ya tambayi ruwan sama, ya tambayi hawan jinin Inna. Bai taɓa ce mini, Binta, zinariyarmu ta sauya ba.

An ce yanzu na'ura tana gama lissafin da ke cinye wa Baba zango guda kafin a sha shayi. Da yana nan, murna zai yi ko tsaki? Ban sani ba. Lawal ne zai sani.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ɗiyata Sa'a, wadda ke shirin shiga jami'a. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Kawu, me ya sa suke kwanciya?" Ya gyara zama ya fara da "Kakanki ya ce." Na tashi na shige madafi, ba don akwai abin yi ba. Da dawowarmu Kankiya ta ce ita fannin kakanta za ta karanta, kuma a hannun Kawu Lawal. Ban hana ta ba.

Gonar Fakuwa tana ba da gero, alhamdu lillahi. Amma ilimin da ke cikin kan Baba yana wurin wani, kuma in zai dawo gidanmu, ta bakin Lawal zai dawo. Allah Ya jiƙan Baba da rahama. Shi kuwa mutumin da ba na son haɗa ido da shi, yanzu duk bayan sallah sai na roƙa mishi tsawon rai.