Rami Tara da Ƙarya Ɗaya

Muna sallame sallar asuba ranar Asabar ɗin nan muka fito daga gidanmu na Camberwell, ni da matata da Baba, mahaifina. Aikin ido ya kawo shi London, ya kuma rantse ba zai koma Kano ba sai ya ga kulob ɗin golf ɗina. Ni kuwa na san ba ni da wani kulob.

Ina ɗalibi, a farkon shekarun 1980, na sami aikin yankan ciyawa a wani ɗan ƙaramin kulob na ƙauye, kudu da London. Sai na rubuta wa gida wasiƙa cewa yanzu ina cikin kulob ɗin golf. A cikinsa nake wuni kam. Baba kuwa ya ɗauka mamba ne ni, ya baza a unguwa cewa ɗansa da manyan Turawa yake wasa. Girman ya yi mini daɗi, na yi gum shekara goma sha biyu. Har matata a haka ta aure ni.

A Croydon muka hau jirgin ƙasa. Shayin tasha ga tsada ga salam, Baba ya kurɓa sau ɗaya ya tambaya ko mantawa aka yi ba a sa ganyen ba. Da gidaje suka ƙare ya manna sabon idonsa a taga, yana ta yi wa shanun mutane masha Allah. Ni addu'ata ɗaya ce, kada mu tarar da wanda ya san ni.

Daga tashar ƙauyen muka taka da ƙafa ta wata siririyar hanya. Muna isa na ga babu kulob. An cire allon ƙofa, ɗakin katakon da mambobi ke zama ya koma ma'ajiyar harawa, tumaki na kiwo inda tutoci suke a da. Wallahi sanyi na ji a raina, kuma ko yanzu kunyar wannan sanyin nake ji.

Sai ga wata tsohuwa tafe da karenta, wadda take dafa wa mambobi shayi a zamanina. Tun daga nesa ta ƙwala mini kira da sunana. Ta tsaya tana ba mu tarihi, matata na fassara wa Baba. Manoman ƙauyen ne suka kafa kulob ɗin bayan yaƙin duniya, a gonar aro, ramin ƙwallo tara kacal, rabin na cikakken filin golf. Mahauci da mai gidan waya su ne manyan Turawan nawa. Da mai gonar ya mutu 'ya'yansa suka karɓe filinsu, mambobi kuma duk tsufa ya riga ya zaunar da su.

Daga nan ta dubi Baba ta ce tun da ɗansa ya bar su, ba su sake samun mai yankan ciyawa kamarsa ba. Matata ta daina fassara, ta zuba mini ido.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Har na shirya wata fassarar a bakina, na kasa. Na ce, "Baba, cewa ta yi ni ne mai yanka musu ciyawa. Ban taɓa buga ƙwallo a nan ba."

Ya tsuguna, ya damƙi ƙasa ya murza a tafinsa. Sai da muka zauna a jirgin dawowa ya yi magana, idonsa a taga.

"Ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Ashe a wurinka aikin ƙasa abin ɓoyewa ne. To ni da na yi shekara hamsin ina noma, me kake ce wa abokanka ubanka yana yi?"

Kafin la'asar muka shigo gida. Na tafi ina tsoron ya gane ƙaramin aiki na yi, na dawo na gane cewa duk shekarun nan kunyar sana'ar ubana nake ji. Abokaina kuwa, ce musu nake ubana ɗan kasuwa ne.