Takarda Guda a Kowane Zama

Ni ma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da majalisar komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, ta yanke cewa kowane kansila takarda guda zai gabatar a kowane zama. A zaman da aka yi kafin ranar, wani dattijo shi kaɗai ya zo da tarin takardu, har kwanakin zaman suka ƙare ba a karanta rabin na sauran mutane ba. Na ga dokar ta yi daidai.

Ƙauyuka biyu nake wakilta a arewacin Tawa: wanda aka haife ni, da wanda na yi aure kuma na koyar a lakwal, makarantar boko. Ana saura sati biyu zaman ƙarshen rani, rijiyar garinmu ta rufta. Mata suka koma ɗebo ruwa a wani gari, su fita da jakai da safe, sai azahar su dawo. A garin mijina kuwa, manoma sun cinye burtalin da shanu ke bi, makiyaya sun rantse bana za su ratsa ko ta kan gero ne. Maigarin can ya kira ni ya ce, "Malama, in ba a zo an kafa duwatsun iyaka kafin shuka ba, jini zai zuba."

In wannan zaman ya wuce, na gaba sai bayan damina.

Na rubuta buƙatun biyu a takarda ɗaya na kai wa sakataren majalisa. Ya karanta, ya miƙo mini.

"Malama, wannan biyu ce. Ki cire ɗaya."

Na hau kabu-kabu na bi kansiloli gida gida, ina roƙon wanda zai ɗauki ɗaya da sunansa. Wannan ɗakin haihuwar garinsu ba rufi. Wancan ƙorama ta datse musu hanya. Wani Buzu da muke zama benci ɗaya ya saurare ni har na gama, ya zuba mini shayi, ya ce dabbobinsu na mutuwa, rigakafi zai nema. Ban ga wanda zan ce ya yi ƙarya ba. A gidan magajin gari, shugaban majalisarmu, na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba sai iyayena.

"Tashi, ƙanwata," ya ce. "In na buɗe miki, kowa zai zo da tasa. Da hannunki aka yi dokar nan."

Ana gobe zama na je garinmu. Na tarar da innata, ƙanwar mahaifiyata, tana sauke jarkoki daga jaki, ƙafafunta sun kumbura. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta ɗebo mini ruwa rabin kofi, ta ba ni haƙuri a kan ƙarancinsa.

Rijiya na gabatar. Aka amince, hannuwa duka a sama. Da aka tashi na je na zauna a bayan ofis ni kaɗai.

An gyara rijiyar kafin ruwan farko. Da gero ya kai gwiwa, shanu suka ratsa gonakin garin mijina. Aka yi faɗa da sanduna da adduna. Wani makiyayi ya rasa yatsu uku, aka tafi da ƙanen mijina Tawa, ya yi watanni a tsare. Matarsa ta daina amsa gaisuwata.

A zaman bayan damina na kai takardar burtali, aka amince ba gardama. Na so in nemi a sassauta dokar, sakatare ya ce ita ma buƙata ce, sai dai in jira wani zama. Da lokacin ya zo, ciwon ƙyanda ya shiga garinmu, na kai takardar neman likita.