Duwatsun Ƙarshen Kudu

Ɗiyata ta fari tana aji shida a lakwal, makarantar bokon garinmu, kusa da Dogarawa, ranar da ta iske ni ina surfe ta buɗe mini littafinta. Ta zana wasu duwatsu jere kamar haƙoran zarto.

"Inna, mushe, malaminmu, ya ce waɗanga a ƙarshen kudu suke. Sun raba ƙasar biyu. Ƙanƙara ta binne su, sai kawunansu ake gani. Ko hakin ciyawa babu don sanyi."

Na aje taɓarya. A wurinmu kudu ita ce Najeriya. Daga kudu doya da goro ke zuwa, can mazanmu ke tafiya cin rani su dawo suna kukan gumi.

"Ke, kudu ce ke da sanyi? Ubanki ya je har Ikko, da bargo ya dawo?"

Ta ce ai wata shida rana ba ta faɗuwa can. Nan na hasala. Na ce to yaushe suke shan ruwa da azumi? Na kira ta maƙaryaciya gaban matan gida, na yage takardar na hura wuta da ita. Suka yi ta dariya. Ita ba ta yi kuka ba, amma tun ranar ba ta sake kawo mini zancen lakwal ba.

Na haura shekara arba'in na shiga ajin manya. Wata la'asar malamarmu ta zo da ƙwallon duniya, ta kifar da shi, ta nuna wani fari fat a gindinsa. Ta ce nan ne Antaktika. Ta aza yatsa bisa jerin duwatsun nan, ta faɗi duk abin da yarinyar ta faɗa, har zancen rana. Nan take na tuna takardar da na hura wuta da ita.

Uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, balle ta ce mata yi haƙuri. Da na je Badagishiri inda take aure, sai na kewayo da zancen ta bayan gida. Tana yanka albasa na ce, "Wance, duwatsun nan na kudu, me ma kika ce sunansu?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Waɗanne duwatsu, Inna? Wallahi na mance."

Ta ci gaba da yanka. Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa mini ba.