Goron Suna a Mota Mai Ɗaki

Cikin ranakun da na yi a kan sitiyari akwai wadda har yau ba ta bar raina ba, ita ce ranar da muka gangaro daga Jos za mu Kafancan a mota mai ɗaki. Malaminmu na ajin yamma ya ce kowa ya rubuta abin da ya same shi a wurin aiki, ni kuwa ita ce ta fara zuwa mini.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne. Ina tuƙa wani Bature injiniyan reluwe da muke kira Masta, yana zaune a Ebute Metta cikin Ikko, ni kuma gidanmu na Agege. Wata tsohuwar babbar mota ya sa kafintoci suka yi mata ɗaki a baya, da gado, da teburi, da murhu, har da bahon wanka. Da ya sami hutu sai ya ce shi da matarsa za su zaga Arewa a cikinta. Ma'aikata biyu ne: ni da kuku, Baba Lawal, haifaffen Ikko, wanda bai taɓa wuce Ibadan ba.

Ana gobe za mu tashi waya ta zo daga yayana da ke aiki a Kafancan: matarsa ta haifi namiji. Inna ta sa aka ɗaure mata ƙaramin kwandon goro, daushe mai kyau. Na ce a ba jirgin ƙasa. Ta ce, "Jikana ne, kuma kai ƙanin ubansa ne. A hannunka zai je." Goron suna kuwa ana gobe ake rabawa, shi ne gayyata. Bisa tsarin Masta, ran rabon goron da azahar za mu shiga Kafancan. Na nemi izini na sa kwandon a bahon wanka, kullum ina yayyafa wa ganyen ruwa.

Ga yadda hanyar take a lokacin. Gangaren dutsen siriri ne, mota biyu ba sa giftawa. Saboda haka akwai shinge a sama, akwai a ƙasa. Da safe masu sauka ke wucewa, in rana ta karkata a rufe, sai masu hawa. Wanda ya makara sai gobe. Na faɗa wa Masta wannan tun muna karin kumallo, ya ce ya ji.

Ba mu yi nisa ba ƙasa ta tsage a hannun hagu, kwazazzabo mai zurfi, ruwa na zubowa daga kan dutse fari fat. Masta ya buga mini katakon da ke bayana. "Isa, tsaya." Na tsaya, na sa wa taya dutse. Ya kafa abin ɗaukar hoto, ya shiga jiran gajimare ya gusa. Muka tashi. Muna shan kwana ta gaba, ya sake bugawa. Kwazazzabon dai shi ne, ta wani gefe muke ganinsa. Uwargida kuma ta fito da alli mai launi za ta zana shi.

Na ce, "Masta, shinge."

Ya ce, "Isa, dubi wannan wuri. Ka taɓa ganin irinsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rana nake dubawa."

Baba Lawal kuwa ya ƙi fitowa. Yana rungume da tukunya yana cewa, "Ni ba zan leƙa ba o. Ƙasar da ba ta da gindi, me zan gani a ciki?" Amma da lokacin abinci ya yi sai ya tuna shi kuku ne. Ya ce tun da ya fara aiki Bature bai taɓa cin abinci a tsaye ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera cokula. Na roƙe shi ya ba su burodi a hannu.

Ya ce, "Direba, ina taɓa maka giyar mota? To kar ka taɓa mini teburi."

Muka isa shinge an riga an sauke ƙarfe. Masta ya sauko ya yi magana, mai gadi ya sara masa, ya ce motocin kaya sun riga sun taso daga ƙasa, ko ya buɗe ba inda za mu raɓa. Masta ya waiga ya ga inda muke, bakin kwazazzabo daidai, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai nan ya fi kyau a kwana.

Na zauna a kan dutse. Masu tafiya a ƙasa ana barinsu su wuce, amma direba ba ya barin mota a gangare da mutane a ciki. Ina tunanin yayana yana zaune ƙofar gida yana duban hanya, sai na ga Baba Lawal ya fito da kwandon a ka, ya ɗaure wando.

Ya ce, "Na gaya wa Uwargida. Mai gadi ya ce akwai motar Kafancan a shingen ƙasa. Ta wane gefe ramin yake?"

Na ce, "Hagu."

Ya ce, "To dama zan riƙa kallo. In na faɗa, ka gaya wa Inna goronta ne ya kashe ni. Shinkafa na kan wuta, kar ka ƙona ta."

Na ƙona ta. Masta ya cinye tas.

Washegari da hantsi muka shiga Kafancan, an riga an raɗa suna. Na tarar da Baba Lawal a kan tabarma a tsakiyar manya, ƙafafu a kumbure, yana ba su labarin duwatsu. Ashe jiya ya isa bayan magariba, an raba goro. Yayana ya ce da jama'a, "Ga baffan yaro." Baba Lawal yake nunawa.

Abin da na koya shi ne, mota ɗaya ce amma kowa da tafiyarsa a ciki, kuma wanda ya fi cika maka ciki da safe yana iya zama shi ne mai ɗaukar kayanka da yamma. Bayan mun dawo Ikko Masta ya ba ni hoto guda. Ga kwazazzabon, ga ruwan, ga motar 'yar ƙarama, ga ni na ba su baya ina hararar rana. A hoton na fara ganin wurin. Gaskiya yana da kyau.