Babban Yatsa a Kan Kundin Soja

Tun asuba yana zaune a matakalar ofishinmu na ajiyar takardun soja a Ankara, yana gutsurar burodi mai riɗi. Dattijo ne, kwat ɗinsa a goge, takalmansa na gona.

Shekara ashirin da shida ina ɗauko wa mutane kundaye, kowa ya zo kakansa jarumi ne. Na daina yarda da maganar baki.

"Ɗan'uwa, Durmush ɗan Bekir nake nema, daga ƙauyukan Sivas," in ji shi. "Kakana ne. Za a sassaƙa sunayen shahidai a dutsen dandalin ƙauyenmu, an ce sai na kawo shaida."

"Ka iya tsohon rubutunmu na haruffan Larabci, Baba?"

"Ni? Ko alif ban sani ba."

Na ajiye masa kundin. Sai ga yatsansa yana bin layi daga dama zuwa hagu, leɓɓansa na motsi, har ya tsaya daidai kan sunan. A gurbin ƙarshe, inda ake rubuta makomar soja, an rubuta cewa ya tsere. Fuskarsa ba ta canza ba. Ina jin ya daɗe da sani, zance ne da ake rufewa a gidansu.

Na matso kusa, don na taɓa ganin an yage shafi.

"Kwantar da hankalinka, ba cinye shi zan yi ba," in ji dattijon.

Ya ciro waya, ya ɗora babban yatsansa a kan gurbin nan, ya gyara shi sau biyu, sannan ya ɗauki hoto.