Tsohon da Ya Koya Min Faɗuwa

Shekarar da na daina shiga aji na koma sayar da turare a Pantai Dalam, wata unguwa a ƙasar da na je karatu, 'yan'uwana ɗaliban ƙasarmu suka shirya wasan kwaikwayo na Sallah. Ni aka ba ɓarawo, wanda za a sare ya mutu. Matsalar, da na kwanta sai dariya ta ƙwace min. Mai shirya wasan ya ce, "Malam, gawa ba ta dariya. Ka ƙara, na ba wani."

Ni kuma na riga na cika wa Gwaggo baki, wadda nake zaune a gidanta, cewa za ta gan ni a dandamali.

Wata safiya a bakin tafkin Titiwangsa na hango wani tsoho ɗan Japan yana juya sanda. Kawai sai ya sandare, ya lanƙwashe, ya zube a ciyawa. Na ruga ina salati, na juye masa ruwan gorata a fuska.

Ya buɗe ido ɗaya. Turancinsa gurgu, nawa na ɗingishi, amma na gane: "Ka ɓata min mutuwa."

Ashe sana'arsa ce. Tun yana saurayi yake fitowa a finafinan takobi na mutanen da, kuma shi ne kullum wanda jarumi ke sarewa. Ya nuna min a waya: ga shi an sare shi a kan gada, ga shi a cikin kasuwa.

Na ce, "Baba, ko sau ɗaya ba ka rama ba?"

Ya ce, "In ban faɗi da kyau ba, takobin jarumi kara ne."

Na roƙe shi ya koya min. Sati biyu yana kayar da ni a ciyawa. Gwiwa ce farko, sannan kafaɗa. Yakan ce ka kafa ido a wuri ɗaya kamar an aike ka ka manta saƙon. Har tururuwa ta cije ni ban motsa ba.

Ranar wasan na zaunar da shi a layin gaba. Aka sare ni, na sandare, na zube. Ɗakin ya yi tsit. Sai na ji salatin Gwaggo na matsowa, sai ruwa mai sanyi a fuskata.

Ban yi dariya ba. Tsohon ne ya yi, har da hawaye. Sai da aka ja labule na buɗe ido ɗaya.

"Gwaggo, kin ɓata min mutuwa."

Ta ce, "Tashi, ɗan nema. Gobe ka koma aji."