Na Gudu Daga Sahun Jana'izar Babana

A lokacin ni dillali ne a Kasuwar Shanu, ƙato mai baki, tun daga titi ake jin muryata. Bijimi ma ba ya ba ni tsoro. Amma tun shekarun da bama-bamai suka riƙa tashi a garin nan, wani abu ya shige ni. Da na tsaya a tsakiyar sahu, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, sai gabana ya hau dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya gagara. Liman na karatu, ni kuwa ina satar kallon rigar na kusa da ni, ina tunanin abin da ke ƙarƙashinta. Na koma sahun ƙarshe, na koma bakin ƙofa, daga baya na daina zuwa.

Babana ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ni nake riƙe hannunsa zuwa masallacinmu a Hausari. Sai na shiga ƙirƙiro uzuri kullum. Wata rana ya tambaye ni a hankali, me ya raba ni da jam'i. Wallahi amsar tana bakina, amma yaya ƙato kamar ni zai ce tsoro yake ji? Na ce masa kasuwa ce. Bai ƙara tambaya ba. Na sha rubutu, na sha maganin hawan jini daga kemis, duk a ɓoye, duk a banza.

Ranar da ya rasu aka yi sahu a ƙofar gida, aka buɗe mini wuri a gaba. Liman na yin kabbarar farko abin ya taso. Ban san sanda na ratsa mutane na fice ba. A bayan katangar maƙwabta na durƙusa ina haki, ina jin sauran kabbarorin. Har yau sukan dawo mini a kunne.

Matata ce ta ja ni asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa, ina ta masifa cewa ni ba mahaukaci ba ne. Likita ta ce ciwon fargaba ne, kuma ana warkewa. Muka riƙa zama muna magana, ta koya mini yadda zan ja numfashi idan ya taso, ta ba ni magani, ta sa na riƙa komawa cikin mutane kaɗan-kaɗan. Yanzu ina iya tsayawa a sahu, alhamdu lillahi.

Jama'a, duk wanda zuciyarsa ke yi masa haka, don Allah kada ya ɓoye. Ya je asibiti, ya kuma faɗa wa nasa tun suna raye. Ni dai Baba ya tafi yana zaton ɗansa ya yi watsi da masallaci, kuma babu wanda zan aika ya yi masa bayani.